Ku Tambayi Likita: Nauyin Jiki da Tiyatar Ɗame Ciki

Wasiƙu da dama sun taru mana a kan tiyatar ɗame ciki, wadda likitoci ke kira abdominofilasti, kuma kusan dukkansu a kan nauyin jiki suka tsaya. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Assalamu alaikum. Shekaruna 38, haihuwata huɗu, tsayina mita 1.60, nauyina kilo 92. Na je ganin likitan tiyata domin a cire mini tumbi, sai ya ce in je in rage kilo 15 tukuna. To ai abin da ya kai ni wurinsa ke nan. Ko dai ba ya son yi mini ne?

Wa alaikumus salam Hajiya. Likitan nan ya kyauta miki, kuma da mu kika samu, abin da za mu gaya miki ke nan.

Wannan tiyata ba ta rage ƙiba ba ce. Aikinta biyu ne: yanke fatar da ta saki, da ɗinke tsokokin ciki da suka buɗe. Likita zai tsaga fata daga wannan ƙashin ƙugu zuwa wancan, a ƙasan mara inda kamfai ke rufewa. Daga nan ya ɗaga fata tare da kitsen da ke manne da ita daga kan tsoka, har zuwa gindin haƙarƙari. Zai zagaye cibiya da wuƙa ya bar ta a kan tushenta. Sai ya haɗe dogayen tsokokin nan biyu da ke gangarowa daga ƙirji zuwa mara da ɗinki mai ƙarfi, ya jawo fatar ƙasa kamar yadda ake jan labule, ya yanke rarar, ya huda sabuwar ƙofa ya fito da cibiya, ya rufe. Aikin yakan ɗauki awa 2 zuwa 5, kina cikin barcin magani.

Yanzu ga lissafin da likitanki ya yi. Akwai ma'aunin da ake kira BMI: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Naki 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56. Kilo 92 a raba da 2.56 ya kusa 36. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan haura, daga 30 zuwa sama an shiga ƙiba. Likitocin wannan fanni da yawa sun fi son mutum ya kasance ƙasa da 30, wasu kuma sukan karɓi wanda bai wuce 35 ba idan ba shi da wata cuta. A tsayinki, 30 ta faɗo ne a kan kusan kilo 77. Kin ga inda kilo 15 ɗin nan ya fito.

Me ya sa ake tsaurarawa? Dalili na farko jini ne. Fatar ciki tana samun jininta daga ƙananan jijiyoyi masu hudowa ta cikin tsoka. Idan aka ɗaga fatar, dole a yanke mafi yawansu, sai ta koma dogaro da jinin da ke zuwa daga gefe, ta kwiɓi. Wurin da ya fi nisa da wannan jini shi ne tsakiyar ɗinkin, daidai saman mara, kuma nan ne fatar ta fi ɗamewa. Shi kuwa kitse dama can jijiyoyin jininsa kaɗan ne. Duk sa'ad da ya yi kauri, sai jinin ya kasa kai wa bakin ɗinki. Abin da ake gani shi ne bayan 'yan kwanaki wurin ya yi duhu, ya yi baƙi, ya mutu, ɗinkin ya buɗe. Irin wannan miki yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, ana wankinsa kullum kafin ya cike, kuma tabon da yake bari ya fi wanda aka shirya muni nesa ba kusa ba.

Na biyu, taruwar ruwa. Ɗaga fatar yana barin fili mai faɗi tsakaninta da tsoka, jiki kuma yana tsatso da wani ruwa rawaya-rawaya ya cika wurin. Wannan ita ce matsalar da ta fi yawan faruwa bayan wannan tiyata, kuma ta fi samun mai kitse. Mace za ta ji idan ta juya kamar ruwa na kaɗawa a cikin leda a ƙasan cibiyarta. Sai an riƙa zuƙe shi da sirinji, wani lokaci sau da yawa, idan kuma ƙwayoyin cuta suka shiga ya zama mugunya.

Na uku shi ne wanda ya fi tayar mana da hankali: daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. A cikin tiyatocin gyaran jiki, wannan na cikin waɗanda suka fi jawo shi. Ɗame tsoka yana ƙara matsi a cikin ciki, matsin kuma yana rage gudun jinin da ke dawowa daga ƙafafu. Ga doguwar kwanciya a kan gadon tiyata, ga tafiya a duƙe bayan an tashi. Ƙiba ita kanta tana sa jini saurin daskarewa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Ba muna faɗa don mu tsorata ki ba ne. Tiyata ce ta ganin dama, ba ta ceton rai ba, don haka babu dalilin shigarta da haɗarin da za a iya ragewa tun a gida.

Akwai kuma batun kyan aikin. A kilo 92, fatar saman cibiya da za a jawo ƙasa tana da kauri, wataƙila santimita 5 ko fiye, za a kuma haɗa ta da fatar mara wadda ba ta kai ta ba. Sai a sami tudu a saman ɗinkin. A ƙarshen tsagar ta kowane gefe kuma kitsen kwiɓi yakan tattare ya yi tsini. Za ki sha wahalar tiyata, ki fito da dogon tabo, cikin kuma bai lafe ba.

Idan kika riƙa sauke rabin kilo a mako, kilo 15 zai ɗauke ki wajen wata 7.

Ni namiji ne, tsayina mita 1.75, nauyina kilo 104. Hannuwana da ƙafafuna ba su da wani kauri, duk abin a ciki ya taru, kuma cikin da tauri kamar ganga. Wannan tiyata za ta yi mini?

Malam, a yadda ka kwatanta, ba za ta yi maka ba, kuma gara ka ji dalilin dalla-dalla, domin mutane da yawa a nan suke asarar kuɗinsu.

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ke kwance a kan tsoka. Akwai kuma na can ciki, a bayan tsoka, wanda ke lulluɓe da hanji da hanta. Wuƙar wannan tiyata a kan tsoka take tsayawa, ba ta shiga cikin kogon ciki. Haka ma bututun zuƙe kitse. Saboda haka kitsen da ke bayan tsoka babu likitan gyaran jiki da zai taɓa shi.

Kana iya gwadawa da kanka. Ka tsaya, ka ƙanƙame cikinka kamar wanda za a naushe shi, sannan ka damƙi fatar gefen cibiya da yatsu. Abin da ya cika maka hannu shi ne rabon tiyata. Abin da ya rage a bayan tsokar da ka ƙanƙame, yana turo ta waje, wannan na ciki ne. Sannan ka kwanta rigingine a kan abu mai tauri ka duba. Cikin da matsalarsa sakin fata da tsoka ce yakan baje, har ya faɗa ƙasa da haƙarƙari. Cikin da ke cike da kitsen hanji yana nan a tsaye kamar an kifa ƙwarya.

Idan aka matsa aka ɗinke tsoka a kan irin wannan ciki, ana cusa kaya ne a jakar da ta riga ta cika. Hanji zai tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama, numfashi ya yi wuya a kwanakin farko, matsin jijiyoyin ƙafa ya ƙaru, ɗinkin tsokar kuma yana iya saki. Ko komai ya tafi lafiya, saman cikin zai ci gaba da turowa.

BMI ɗinka ya kusa 34, amma mun fi son ka auna ƙugunka da tef, daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ga namiji, abin da ya wuce santimita 102 alama ce ta haɗari babba. Ga mace 88. Wata hanya mai sauƙi: kada ƙugu ya wuce rabin tsayi. Kai mai santimita 175, abin nema shi ne ƙasa da 88. Irin wannan kitse shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta, don haka ka je a auna maka waɗannan ukun. Abin farin ciki, shi ne kitsen da ya fi saurin sauka idan aka gyara ci aka riƙe motsa jiki. Bayan ya sauka, idan fata ta rage tana reto, a lokacin ne maganar tiyata za ta taso.

Kilo nawa zan rage idan aka yi mini?

Kaɗan. Ga yawancin mutane abin da ake yankewa bai wuce kilo 1 zuwa 3 ba. Sai ga wanda ya sauke ƙiba mai yawan gaske ne fatar da za a cire ke wuce haka. Canjin a sura da zaman tufafi ake ganinsa, ba a sikeli ba.

An ba ni ranar tiyata nan da mako 8. Nauyina kilo 81, burina 70. Na yanke shawarar in daina cin komai sai ruwa da 'ya'yan itatuwa har ranar. Hakan ya yi?

'Yar'uwa, kada ki yi. Ki kira likitanki ki nemi a ɗaga ranar.

Matsala ta farko, warkewa. Tsagar nan takan kai santimita 30 zuwa 40, wani lokaci fiye, ban da faffaɗan filin da ke ƙarƙashin fata wanda shi ma sai ya manne. Jiki da furotin yake gina sabon nama, yana kuma buƙatar sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin C. Wadda ta yi wata biyu tana horar da kanta da yunwa za ta hau gadon tiyata da ƙarancin jini da tsokar da ta zube. Sikeli zai nuna lamba mai daɗi, amma ɗinki ba zai kama da wuri ba.

Ta biyu, nauyin da aka sauke da yunwa ba ya zama. Kaso mai yawa na abin da ya fita a makonnin farko ruwa ne da tsoka. Da kin koma cin abinci, a daidai lokacin da aka hana ki motsa jiki mai ƙarfi na mako 6, zai dawo. Ke nan likita ya auna ya yanka a kan jikin da ba naki na gaskiya ba.

To idan aka yi tiyatar yanzu a kilo 81, daga baya ki sauka 70 a hankali fa? Nan ma akwai asara. Likita yana ɗame fata ne daidai da abin da ke ƙarƙashinta a ranar. Idan kilo 11 ya fita bayan haka, fatar za ta sake yin yawa, ta tattare a saman tabon da kewayen cibiya. Fatar da ciki da ƙiba suka riga suka miƙar, musamman mai nankarwa, ba ta da sauran ƙarfin komawa da kanta. Sau da yawa sai an sake shiga tiyata a rage.

Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce mutum ya zo bai fi kilo 5 zuwa 7 tsakaninsa da nauyin da yake nufin zama a kai ba, kuma nauyin ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata 6. Tsayawa na nufin hawa da saukar da ba ta wuce kilo 2 ko makamancin haka. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin ki ci komai, ki rubuta a littafi, ki tafi da littafin ranar ganin likita. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne saurin da jiki ke ɗauka ba tare da ya cinye tsokarsa ba.

Wani abu kuma da muke so ki yi tunani a kai da gaske: shin 70 ɗin nan nauyi ne da za ki iya riƙewa shekara da shekaru? Idan a 75 jikinki yake samun natsuwa, kina ci kina ƙoshi kina aikinki, gara a yi miki a 75 da ta zauna da a yi a 70 da za ta gudu bayan wata uku.

An yi mini tiyatar rage jakar abinci wata 14 da suka wuce. Na sauko daga kilo 128 zuwa 84, tsayina mita 1.63. Fatar cikina ta zubo har ta rufe mini gaba, ƙarƙashinta kullum a jiƙe, ga ƙaiƙayi ga wari. BMI ɗina har yanzu ya haura 30. Ke nan ban cancanta ba?

Sannu da ƙoƙari Malama, kilo 44 ba ƙaramin aiki ba ne. Lambarki ta kusa 32, amma ke ce misalin da ke nuna cewa BMI kaɗai ba ya yanke hukunci. Ma'aunin bai san bambancin kitse da tsoka da fata ba. Wani ɓangare na kilo 84 ɗin nan fatar da ke reto ce, wadda babu irin motsa jikin da zai ɗauke ta. Mai 32 da ta sauko daga 48, cikinta ya zama fanko, ta fi dacewa da wannan aiki a kan mai 29 da cikinta ke cike tam da kitsen hanji.

Abin da za a duba a wurinki shi ne lokaci da abinci. Bayan irin tiyatarki, nauyi yakan ci gaba da sauka har wata 12 zuwa 18. Ana so a ga ya tsaya cak na wata 3 zuwa 6 kafin a taɓa fata. Idan har yanzu kina sauke kilo 1 ko 2 a wata, da sauran lokaci.

Batun abinci kuwa shi ne inda aka fi samun tuntuɓe. Ƙaramar jakar abinci ba ta ɗaukar da yawa, jiki kuma ba ya tsotse wasu sinadarai kamar da. Mutum zai ga kansa garau alhali jininsa ya yi ƙasa. Kafin a sa rana, a auna miki yawan jini, da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da folet, da bitamin D, da furotin na jini da ake kira albumin. Duk wanda ya gaza a cike shi tukuna. Ana so mai irin tiyatarki ta sami furotin giram 60 zuwa 80 a rana ko fiye, daga ƙwai, kifi, nama, wake da madara. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6, kin ga sai an yi da niyya. Tiyatar ɗame ciki tana zubar da jini fiye da yadda ake zato, domin fatar da ta daɗe tana ɗauke da ƙiba jijiyoyinta manya ne.

Ki kuma san cewa aikin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake yanke zubabbiyar fatar kawai, ba a ɗaga ta sama, ba a taɓa tsoka. Wannan ya fi sauƙi, ana yin sa ne don lafiya, har ga masu nauyi sosai, idan fatar na hana tafiya ko tana yawan yin gyambo. Akwai cikakken ɗame ciki. Idan fatar ta yi yawa ta faɗi, ba ta tsawo kaɗai ba, akan ƙara tsaga a tsaye daga ƙirji zuwa mara. Wannan yana fito da ƙugu, amma mahaɗar tsagogin biyu wuri ne mai wuyar warkewa. Idan kuma sakin ya zagaya har baya, akwai wanda ake yankawa a zagaye jiki kamar ɗamara. A kuma lalube cikin da kyau ko akwai inda hanji ke ɓullowa, ta cibiya ko ta tsohon tabo, domin a gyara a lokaci guda.

Kafin nan, ki kula da ƙarƙashin fatar. Ki wanke, ki busar sarai, ki sa tsumman auduga mai tsabta a tsakani, a kuma ba ki maganin shafawa na naman gwari idan wurin ya yi ja. Ba a tsaga fata mai ciwo. Sai ta warke.

Ina yin allurar rage ƙiba ta mako-mako, na sauke kilo 12. Zan iya yin tiyatar ina kan allurar?

Abu biyu za ki riƙe. Magunguna irin su Ozempic da Wegovy da Mounjaro suna sa abinci ya daɗe a ciki bai wuce ba. Mutum zai yi azumin da aka ce ya yi kafin tiyata, amma a sami sauran abinci a cikinsa, wanda zai iya tasowa ya shiga huhu yayin da yake cikin barcin magani. Don haka dole likitan da zai sa ki barci ya sani tun da wuri. Wasu sukan ce a tsallake allurar mako guda kafin ranar, wasu su ce a wuni ana shan abu mai ruwa-ruwa kawai na awa 24. Su za su zaɓa, kada ki yanke da kanki, musamman idan kina da ciwon suga.

Na biyu, mutane da yawa nauyinsu yana dawowa idan suka bar allurar. Ki zauna da likitan da ya rubuta miki ita ku tsayar da magana: za ki ci gaba da ita ne na dogon lokaci, ko za ki daina? Idan dainawa za ki yi, ki daina tukuna, ki ga inda nauyin zai tsaya na wata 6. Allurar kuma tana kashe sha'awar abinci, a lokacin da miki ke neman furotin, don haka a tsara yadda za a koma mata bayan tiyata.

Ni siririya ce, kilo 54, tsayi mita 1.62. Tun da na haifi tagwaye cikina ya ƙi komawa, har ana tambayata ko juna biyu gare ni. Wata 5 ke nan da haihuwar, kuma ina son ƙarin yara.

Barka da arziki Maman tagwaye. Naki ba kitse ba ne, kada ki ƙara matsa wa kanki da rage ci, ga shi kina shayarwa. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki ɗan ɗaga kai, ki danna yatsu a tsakiyar ciki sama da cibiya kaɗan. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a wani rami tsakanin tsokoki, tsokokin ne suka rabu. A wata 5 jiki bai gama komawa ba, kuma atisayen da ƙwararren likitan gashin ƙashi da motsa jiki zai koya miki yana taimaka wa mata da yawa.

Ta fuskar nauyi kin dace da tiyatar, irinku ne ma aikin ya fi yi wa kyau. Lokacin ne bai yi ba. Ana jira aƙalla wata 6 bayan haihuwa, an fi son shekara, kuma bayan yaye. Tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki zai sake miƙar da fatar, yana kuma iya buɗe tsokar da aka ɗinke. Ki bari sai kin gama haihuwa. Rama fiye da kima ita ma matsala ce: wadda BMI ɗinta ya gaza 18.5 ana fara binciken dalilin ramar kafin a yi maganar wuƙa.

Maigidana yana da ciwon suga, yana kuma shan taba jefi-jefi. Ya sauke nauyi har BMI ɗinsa ya dawo 28. Shi ke nan ya tsallake?

Da saura, Hajiya. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda su kaɗai suka rage wa fatar bayan an ɗaga ta. Mai shan taba siriri yana iya fin mai ƙiba da ba ya sha haɗarin mutuwar fata. Ya daina gaba ɗaya aƙalla mako 4 kafin tiyata da mako 4 bayanta, har da shisha da sigarin lantarki da cingam mai nikotin. Jefi-jefi ma sha ne. Wasu likitoci sukan gwada fitsari don su tabbatar.

Suga kuma akwai gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata 3. Yawanci ana so ya kasance wajen kashi 7 cikin 100, kada ya kai 8. Idan yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ki gaya wa likita, domin ke kika fi shi sanin wannan, kuma yana canza yadda za a kula da shi bayan an tashe shi.

Shekara 2 da yi mini tiyatar. Na ƙara kilo 9, yanzu kuma saman cikina da kwiɓina sun kumbura, ƙasan kuwa a shafe. Aikin ne ya lalace?

Mai yiwuwa aikin na nan lafiya, jikin ne ya canza a kewayensa. Ƙwayoyin kitsen da aka yanke sun tafi har abada, amma waɗanda suka rage suna iya kumbura. Tunda ƙasan cibiya aka fi kwashewa, sabon kitsen sai ya tafi inda ya sami wuri: saman ciki, kwiɓi, baya, cinyoyi, mara a ƙasan tabo, da kuma can cikin hanji. Shi kuma tabon a manne yake da abin da ke ƙarƙashinsa, ba ya miƙewa kamar sauran fata, sai ya zama kamar igiyar da aka ɗaure a jikin matashi, sama ta kumbura ƙasa ta kumbura.

Kilo 2 zuwa 4 ba sa cika ɓata sura. Daga wajen kilo 7 zuwa sama ne ake fara ganin irin abin da kika kwatanta. Ki fara sauke abin da ya hau a hankali. Sau da yawa surar takan dawo kusa da yadda take. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne hawa da sauka a kai a kai, domin kowane zagaye yana ƙara sassauta fatar. Idan nauyin ya koma ya zauna wata 6 amma kwiɓin ya ƙi, ana iya zuƙe kitsen wurin. Idan kuwa kumburin a wuri ɗaya yake, yana fitowa in kin yi tari ko kin ɗaga kaya, ya koma in kin kwanta, a duba ki da hoton ciki, domin yana iya zama ɗinkin tsoka ne ya saki ko hanji ne ke ɓullowa.

Kwana 10 da yi wa ƙanwata tiyata. Ta hau sikeli ta ga ta fi nauyin da ta shiga da shi da kilo 2, hankalinta ya tashi.

Ku kwantar mata da hankali, ruwa ne. Akwai wanda aka ƙara mata a lokacin aikin, akwai kumburin rauni, ga hanyoyin da ke kwashe ruwa daga fatar ciki an yanke su, sai sun sake tsirowa. Ta ajiye sikeli na mako 6. Mafi yawan kumburin yana sauka cikin wata 2 zuwa 3, sura ta ƙarshe kuma sai wata 6 zuwa shekara. Za ta lura cikin ya fi kumbura da yamma ya sauka da safe.

Kada ta rage ci saboda wannan lamba. Yanzu ne jikinta ya fi neman furotin. Ta rage gishiri, ta sha ruwa, ta sa ɗamarar da aka ba ta na mako 4 zuwa 6, a ɗame amma ba har ta hana numfashi ko ta naɗe ta shiga fata ba. Ta riƙa tashi tana ɗan zagayawa a cikin gida kowace awa ɗaya ko biyu da rana, ko da a duƙe ne, kada kuma ta ɗaga abin da ya wuce kilo 4 ko 5, har da yaro. Idan robar fitar da ruwa na jikinta har yanzu, ku riƙa juye ta kuna rubuta adadin. Yawanci ana cire ta idan abin da ke fita ya gaza mililita 30 a awa 24.

Ku kira likitanta a ranar idan gefe ɗaya na cikin ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko bakin ɗinkin ya yi baƙi ko ya fara fitar da ruwa mai wari. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sharaɓa, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ta ji suka a ƙirji, ko zuciyarta na bugawa da sauri tana zaune, kada ku jira wayewar gari: ku kai ta sashen gaggawa nan take, ku gaya musu ranar da aka yi tiyatar da magungunan da take sha.